Tagwayenmu da Layin Kanada

Ƙannena biyu tagwaye ne, kuma ni na yi renonsu, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansu. A gidanmu na unguwar Dagmanet, a Agadas, ba a cika kiransu da sunan yanka ba. Wanda ya fara faɗowa duniya shi ne Na-gaba, wanda ya biyo shi Na-baya. Inna ta ce tsakaninsu bai fi a dafa shayi a sha ba, amma Na-baya ya ɗauki wannan ɗan tsakanin kamar shekara goma ce cur. Ba ya sa hannu a kwano sai wansa ya sa. Ba ya zama gaban wanzami sai an gama wa wansa aski. In aka kawo riguna biyu iri ɗaya, yakan tsaya wansa ya zaɓa, ko da yake har yau ban san abin da ake zaɓa tsakanin abu biyu iri ɗaya ba. Ba wanda ya tilasta masa. An dai gaya masa tun yana ƙarami cewa ƙane ba ya shiga gaban wansa, kamar yadda ake gaya wa kowane yaro a unguwa. Sauran yara suka ji da kunne ɗaya, shi ya ji da biyu.

Na-gaba kuwa bai taɓa lura ana yi masa wannan hidima ba. Mutum ne mai surutu da fara'a, in ya shigo gida har kaji sai sun san ya shigo. A ganinsa haka duniya take, in ya zo bakin ƙofa sai ya tarar da ita a buɗe. Ba mugunta ba ce, bai dai taɓa waiwayawa ya ga mai riƙe da ƙyauren ba.

Tare suka yi lakol, wato makarantar boko, tare suka tafi Yamai koyon aikin lantarki, tare suka dawo da diplom iri ɗaya. Patoro ɗaya ya ɗauke su aikin kafa fano, allunan nan masu shan rana su ba da wuta, suna haɗa su da injin jan ruwa. Rabin garaken Timiya, lambunan garin, su suka sa wa ruwa, in ka ji ta bakin Na-gaba. In ka ji ta bakin Na-baya kuwa, ƴan kaɗan ne, kuma biyu daga ciki sai da suka koma gyara.

Maganar Kanada wani abokin aikinsu ya kawo ta. Wata rana bayan la'asar suka shimfiɗa tabarma gaban Inna don su yi mata bayani, ni ma na dawo daga lakol ɗin da nake koyarwa, na aje allina na zauna. Na-gaba ne mai magana, Na-baya na gyara masa a hankali in ya kauce. Suka ce ƙasar tana neman masu sana'a, kuma ba a shiga da sanin wani ko da roƙo. Maki ake ba mutum. Karatunka maki, shekarun da ka yi kana aiki maki, yadda ka iya Faransanci ko Turancin Ingilishi maki. Kowa ya sa dosiyensa, wato takardunsa, ta ordinatar, na'urar kwamfuta, ya shiga layi, lokaci lokaci a ɗebi na sama a kira su.

Inna ta saurara tana tsince shinkafa. Da aka zo kan shekarun haihuwa, ta ji cewa makin mutum raguwa yake in ya kai talatin, sai ta ɗago kai.

"Wato in mutum ya yi hankali sai a rage mashi daraja?"

"Haka tsarinsu yake, Inna."

"Ni ke nan da na je sai su bi ni bashi."

Da ta ji kuma aure na iya rage maki in matar ba ta da takardu, ta ce yanzu ta gane abin da ya sa duk yarinyar da ta nuna masu sai su ce mata tukuna. Ta ce ba ta hana su ba, amma da sharaɗi ɗaya: tare suka zo, tare za su tafi. Tunda ta haife su ba ta taɓa ba ɗaya ko dabino ta hana ɗaya ba, don duk wanda ya reni tagwaye ya san ba a raba masu abu da son kai a kwana lafiya. Suka ce mata ai kome nasu iri ɗaya ne, makinsu zai zo daidai, in an kira ɗaya an kira ɗaya.

Sai jarrabawar Faransanci ta kawo cikas. Suka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai suka rubuta. Na-baya, wanda in kun wuni tare da ƙyar ka ji muryarsa, ya ci kome da kome. Na-gaba, mai zuba Faransanci kamar rediyo, ya faɗi a rubutu. Na yi dariya har da hawaye, don tun yana aji uku nake gaya masa baki ba ya riƙe alƙalami. Dole ya jira wani zagaye ya sake.

To a nan ne ƙanena ya yi abin nasa. Takardunsa sun kammala, ba abin da ya rage sai ya danna ya shiga layi, ya ƙi. Wata ya wuce, wani ya bi. Na tare shi wata safiya yana ɗaure tsani a bayan mota.

"Kai, mi kake jira?"

"Wana nake jira, Yaya."

"Layin Nasara ne hwa, ba kwanon tuwo ba. Ka sa abinka, in tashi ta zo shi ma shi sa."

Ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. Can ya ce mini ya karanta ƙa'idar tasu kakaf. In mutane suka yi kunnen doki a maki na ƙarshe da za a ɗauka, kuma wuri bai ishe su duka ba, ana duba wanda ya riga sa dosiyensa, rana da lokaci. Wanda ya riga shi ake kira.

"To ai shi ya sa nake ce maka ka sa tun yanzu!"

"Shi ya sa ba ni sawa. In aka yi kunnen doki, in tsaya gaban wana?"

Na ce masa ba wansa kaɗai ke cikin layin ba, duniya ce gaba ɗaya, kuma mutanen da ke shiga gabansa kullum ba su san ma an haife shi ba. Ya ce ya sani. Shirinsa shi ne ranar da sakamakon wansa ya fito su zauna gefe da gefe, wansa ya danna, shi ya danna a bayansa, tsakaninsu bai kai a sha ruwa ba. Wane yankan layi ne zai faɗo daidai cikin wannan ɗan tsakanin? Na ce masa taurin kai gare shi irin na jakin masu gishiri. Ya yi murmushi ya tada mota.

Shirin bai yi muni ba, da a ce Agadas gari ne da ake shirya abu ya tafi yadda aka shirya. Ana cikin jiran sakamako patoronsu ya sami aikin sa injin ruwa can Segedin, cikin Kawar, kan hanyar Libiya. Mutum ɗaya ake so. Tafiyar wahala ce, don haka ba sai na gaya maku wanda ya ce shi zai je ba. Kafin ya bi ayarin motoci ya bar wa wansa saƙo: in sakamako ya fito ya sa dosiyensa kar ya jira, shi in ya dawo ya bi baya. A lissafinsa tafiyar ba za ta daɗe ba.

Ta daɗe. Wani ƙarfe ya karye a injin, aka aika a kawo wani, aka kawo wanda bai shiga ba. Ayarin dawowa ya tashi ya bar shi. Rezo kuwa, sabis ɗin waya, a can sai ka hau tudu ka ɗaga talho sama kamar mai roƙon ruwa, ka samu ka ce "lahiya lau" ya yanke. Sa dosiye daga can ba ya cikin zance. Mu nan sakamakon Na-gaba ya fito, ya ci, daidai da na ƙanensa ba ƙari ba ragi. Ya sa dosiyensa ranar wata Juma'a, Inna ta yi sadakar masa. Na-baya bai dawo ba sai bayan makonni, ya yi baƙi ya rame, da buhun dabino a kafaɗa. Ya gaida Inna, ya yi wanka, ya tambayi wansa ko ya sa. Da aka ce masa e, sannan ya je ya sa nasa.

Daga nan sai jira. Duk sanda aka yi ɗiba a can sai su duba, su ga makin da aka tsaya a kai ya fi nasu, su mayar da talho aljihu. Har mun fara mantawa da zancen. Rannan da hantsi, ranar da ba lakol, ina wanki, na ji Na-gaba tun daga bakin titi yana kiran Inna. Ya shigo da takalmi ɗaya a hannu, baki har kunne.

"An kira mu! Inna, an kira mu! Maki ya sauko daidai kanmu!"

Inna ta yi guɗa, abin da rabona da ji tun bikina. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Na-baya yana zaune gindin bango yana gyara wata fitila. Ya ciro talhonsa ya duba, ya goge fuskar da gefen riga ya sake dubawa. Ni na fara lura da shi, don ni na san fuskarsa tun ba ta da haƙori.

"Kai hwa?" na ce.

"Ba a kira ni ba, Yaya."

Wansa ya ce rezo ne, ya jira saƙon na tafe. Na-baya ya girgiza kai ya miƙa masa talhon. An tsaya daidai kan makinsu, gaskiya ne. Amma masu wannan maki sun fi wurin da ya rage yawa, sai aka yanka da ranar shiga layi. Ranar da aka yanka ta faɗo bayan Juma'ar Na-gaba, kafin dawowar Na-baya daga Segedin. Da ya sa tun sanda takardunsa suka kammala, da yana can gaba da nisa, da su biyun duka an kira su.

Ban san sanda na jefar da sabulu ba. Na faɗa masa maganganu, wasu na gaskiya, wasu na zafin rai. Na ce ladabinsa ya kai shi ya baro. Ya ɗauki fitilarsa ya ci gaba da gyara, abin ya ƙara ba ni haushi, sai na koma ɗaki na yi kukana. Tausayinsa ne ya kama ni, ban san yadda zan nuna shi ba sai da faɗa.

Inna ba ta gane ba sai da aka maimaita mata. Da ta gane, ba ta ga laifin ƙa'idar ba, abin da ya ba ni mamaki.

"Wanga ai layin pompi ne," ta ce. "Wanda ya riga aje bido shi ka ɗibar ruwa. Sun yi gaskiya. Amma a pompi in mutum ya tahi uzuri, ɗan'uwanshi na aje mashi bido. Kai da ka je, mi ya hana ka aje na ƙanenka?"

Na-gaba ya ce ba a yi haka, kowa da lambarsa ta sirri. Inna ta tambaya ko ya nemi lambar kafin ƙanensa ya tafi. Ashe bai nema ba. Tunanin bai taɓa zo masa ba, kuma a ranar na ga ya fara zo masa, shi da wasu da yawa irinsa.

Da yamma kawunmu mai butiki a babbar kasuwa ya zo, ya ce shi bai ga abin damuwa ba. Yara kama ɗaya kamar an tsaga kara, takarda ɗaya ta ishe su. Wannan ya yi rani a can ya dawo, wancan ya karɓi fasfo ya je ya yi damina. Aka gaya masa ana ɗaukar zanen yatsu, kuma na tagwaye ma ba ɗaya ba ne. Ya ce to a rubuta wa mutanen a gaya masu su yi ƙuri'a, ko su duba wanda ya fi hankali. Na ce in aka duba hankali ai duka biyun gida za su zauna. Kowa ya yi dariya ban da tagwayen.

Abin da ya rage shi ne wa'adi. Wanda aka kira ana ba shi ɗan lokaci ya amsa ya tura sauran takardu, in ya bari ya wuce shi ke nan. Ga kuma shekara talatin ta ƙarato masu su biyun, ranar da makinsu zai ragu. In Na-gaba ya ƙi wannan kira, babu tabbacin za a sake saukowa kansa. Shi kuma ya kafe ya ce ba ya zuwa. Ya daina surutu, ya daina cin abinci sosai, gidan ya yi tsit har ba daɗi. Ya ce da Inna alkawari aka yi tare za su tafi, kuma shi ba zai hau kan wuyan ƙanensa ya tsallaka ba. Sharaɗin Inna ne yake maimaita mata.

Wa'adi na matsowa, wata rana bayan azahar muna zaune a inuwa, Na-baya ya aje kofin shayinsa ya fara magana kafin kowa. Wannan kaɗai ya isa ya sa muka juyo.

"Za ka tahi," ya ce wa wansa.

"Ba ni zuwa."

"Ban tambaye ka ba. Tunda muka taso ban taɓa ce maka yi kaza ba, yau na ce. Jiran da na yi, Yaya ta ce wauta ce, kuma ta yi gaskiya. To in ka tahi, wautar ta haihi wani abu. In ka zauna, na yi ta a banza, kuma kullum in na dube ka sai in tuna. Kada ka yi mani haka."

Na-gaba ya waiwaya. Ya dubi Inna ko za ta cece shi. Inna ta daɗe tana juya carbinta, sannan ta ce ita dai ba ta raba su ba, kuma ba za ta riƙe ɗaya don an hana ɗaya ba. Ta ce ta janye sharaɗinta. Tana gama maganar ta tashi ta shiga madafa ko da yake ba abin da ke kan wuta. A ranar Na-baya ya tasa wansa gaba har wurin ordinatar, ya tsaya a kansa sai da ya amsa kiran.

Sauran shirin ya ɗauki watanni: gwajin likita, zanen yatsu, tafiya Yamai da dawowa. Labari ya bazu a unguwa, mutane suka yi ta tare Na-baya a hanya suna yi masa murna, suna ce masa kar ya manta da su in ya je. Da farko yana gyara masu. Daga baya ya gaji, sai ya riƙa cewa amin, ya karɓi saƙonninsu ya kawo wa wansa. Wata tsohuwa har ta ba shi kuɗin guzuri ƙulle a gefen zane, ya kawo ya miƙa, na ce ya riƙe abinsa ladan dako ne, ya ƙi.

Ranar tafiya muka raka Na-gaba gar, tashar mota, da safe. Na-gaba ya rungume kowa yana kuka ba kunya, kamar yadda yake yin kome da ƙarfi. Na-baya ya sa masa jaka a ƙarƙashin kar, ya duba an ɗaure ta da kyau, ya tsaya har motar ta ɓace a kwanar hanyar Tawa. Daga nan ya wuce aiki, don akwai fanon da aka yi alkawarin kafawa a ranar.

Yanzu Na-gaba yana can, yana kira ta talho, muna ganinsa da hula har kunne, yana ba mu labarin sanyi kamar shi ya ƙirƙiro shi. Na-baya ya cika talatin, makinsa ya ragu, dosiyensa ya tsufa ya sake sabo, wato ya koma bayan layi. Yana koyon Ingilishi don ya ƙara maki. Da rana in ya dawo sai ka ji shi gindin bango yana maimaita kalmomi bayan wata mata a talho, ni kuwa ina ce masa ko akuyarmu ta fi shi lafazi. Inna ta soma nuna masa ƴan mata. Na gargaɗe shi cewa in ya kuskura ya ce mini sai wansa ya yi aure tukuna, da muciya zan bi shi har titi. Ya ce yana tunani. Ko za a kira shi, ban sani ba, shi ma bai sani ba.

Kwanan baya na aike shi kasuwa sayen tumatir da albasa. Ya dawo ya aje kayan a bakin madafa, bai tafi ba, ya tsaya yana kallona ina yanka. Na ce ko canji ya ɓata ne. Ya ce a'a.

"Yaya, na zagaya kasuwa duka. Mai nama, mai albasa, masu shayi, kowa ya kira ni da sunana kai tsaye. Ba wanda ya tambaye ni ko ni wanne ne."

Na ce to ai ya huta, shekara talatin yana amsa tambaya ɗaya.

"Haka ne," ya ce. "Amma da na zo bakin ƙohwar kasuwa sai na tsaya, ina jira ko wani shi tambaya."

Na ci gaba da yankan albasata ban ɗago ba. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya je ya ɗauko tsaninsa.